Kifin Ancobi da Karyewar Arzikin Peru a 1972



Kifin da zan yi magana a kansa bai wuce tsawon tafin hannu ba, kuma da wuya ya haura shekara 3 a duniya. Sunansa ancobi, dangi ne ga sadin ɗin da muke gani cikin gwangwani. A gaɓar tekun Peru, can Amurka ta Kudu, iska kan kore ruwan sama-sama, sai ruwa mai sanyi ya taso daga ƙasa ɗauke da taki, ƙananan tsirran ruwa su yaɗu, ancobi ya yi ta kiwo garke-garke. Tsuntsayen teku su ci shi, kashinsu kuwa shi ne takin da Peru ta sayar wa Turai a ƙarni na 19.

Daga shekarun 1950 mutum ya shiga tsakanin tsuntsu da abincinsa. Aka kakkafa masana'antu a garuruwa irin su Cimbote, ana niƙe kifin ya zama gari don ciyar da kaji da aladun Turai da Amurka. A 1970 abin da aka kama ya haura tan miliyan 12, babu ƙasar da ta kai Peru, alhali kuwa masana sun ce kada a kai miliyan 10.

To, a 1972 ruwan ɗumi da ake kira El Nino ya mamaye gaɓar. A nan ne ɗabi'ar kifin ta yaudari hukuma. Shi ancobi, ko yawansa ya ragu, ba ya warwatsuwa. Taruwa yake yi. Sauran da suka tsira suka cunkushe a 'yan wuraren da ke da sanyi kusa da gaɓa, jiragen kamun kifi suka yi ta komowa maƙil. Wanda ke zaune a ofis yana duba alƙaluman kamu, me zai gani in ban da albarka? Ni a ganina, laifin alƙaluman nan bai gaza na El Nino ba.

A 1973 kamun bai kai tan miliyan 2 ba. Gwamnatin Janar Velasco ta karɓe masana'antun, ma'aikata da dama suka rasa abin yi. Masu kiwo a ƙasashen waje suka koma ga waken soya, farashinsa ya yi tashin gwauron zabo, har Shugaba Nixon ya dakatar da fitar da shi daga Amurka a watan Yunin shekarar.