Takunkumi: Tarihin Ƙyallen Da Ya Shiga Tsakaninmu Da Gaisuwa



Kwanan baya ina gyaran akwatina sai na ci karo da wani ɗan ƙyallen atamfa mai roba biyu a gefe, duk ya koɗe. Ƙanwata 'yar firamare tana kusa. Ta san takunkumi sarai, amma a wurinta abu ne da 'yan mata ke sawa in za su unguwa. Da na ce mata an yi lokacin da ake gurfanar da mutum gaban alƙali saboda ya fita babu shi, dariya ta yi, ta ɗauka zolayarta nake. Wannan dariyar ce ta sa na zauna rubuta abin da na gani a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, tun kafin mu da muka gani ma mu fara mantawa.

Mu fara da kalmar. Kafin 2020, in Bahaushe ya ce takunkumi, abin da ake ɗaure wa jaki ko sa a baki yake nufi, don kada ya yi ɓarna a gona. A labaran rediyo kuma mukan ji an ƙaƙaba wa wata ƙasa takunkumi. Duka biyun hani ne da tilas. Da cutar korona ta zo, wannan sunan ne ya bi ƙyallen rufe baki da hanci, ya kuma zauna daram. Ina ganin tun daga sunan aka fara samun matsala, domin ba kowane dattijo ne zai yarda a ce ya ɗaura abin da ya san na dabba ne ba.

Alhali rufe fuska ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Sarki yana ja amawali ya rufe baki, kuma wannan alamar ƙasaita ce. Buzaye da ke zaune cikinmu sun saba da naɗin da ba ya barin komai sai ido. Akwai mata masu niƙabi. Da hunturu, 'yan acaɓa kan ɗaura hankici saboda ƙura, har zuwa lokacin da aka hana sana'ar a birni a Janairun 2013. Bambancin shi ne duk waɗannan mutum ne ke zaɓa, kuma kowanne yana faɗin ko shi wane ne. Takunkumin korona kuwa hukuma ce ta ce a sa, ya kuma mayar da attajiri da almajiri fuska ɗaya.

A ranar 27 ga Fabrairu, 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai cutar a Najeriya, wani ɗan ƙasar Italiya a Legas. A majalisun unguwa lokacin, zancen da ake yi shi ne cutar masu hawa jirgi ce, kuma zafin Kano ba zai bar ta ba. Sai ga shi ranar 11 ga Afrilu an sanar da na farko a Kano. Daren 16 ga wata Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sa dokar kulle. Ranar 24 aka ɗauki azumi. Ranar 27 Shugaba Muhammadu Buhari ya yi jawabi, ya kulle Kano gaba ɗaya na mako biyu, ya wajabta sa takunkumi a bainar jama'a, ya kuma nemi a taimaka wajen ɗinka na yadi.

Mu mutanen Gyaɗi-Gyaɗi ba a rediyo kawai muka ji abin ba. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana nan kan titin Zariya, a maƙwabtanmu, kuma a can aka fara gwajin cutar a jihar. Titin da ko tsallakawa sai ka yi da gaske ya koma fayau, in ka ji ƙarar mota to ta asibiti ce ko ta jami'an tsaro. A makonnin nan ne aka yi ta rasa dattawa a birni, kusan kullum sai an yi sanarwa. Daga baya, a watan Yuni, Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya ce binciken da aka yi ya ƙirga mutum 979 da suka rasu a wancan tsakani, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari ana ganin suna da alaƙa da korona. Hukumar NCDC ma ta sa Tarauni cikin ƙananan hukumomi 20 da suka fi yawan masu cutar a duk ƙasar. Tsoron da waɗannan rashe-rashe suka kawo ya sa wa mutane takunkumi fiye da yadda doka ta sa.

Na asibiti ya yi tsada ya kuma yi wuya, don haka teloli suka shigo. Telan layinmu, wanda ɗinkin sallarsa ya tsaya cak, ya juye buhun ƙyallayen da ya saba zubarwa. Ragowar shadda da atamfa da yadi duk suka zama kuɗi. A ranakun da ake sassauta kulle, Litinin da Alhamis a farkon lamarin, yara na yawo da su a sanda a bakin Kasuwar Tarauni. Ya taɓa ce min da wannan ya ciyar da gidansa har aka sha ruwa. Kafin ƙaramar salla ta 24 ga Mayu, wadda gwamnatin jiha ta yarda a fita idinta, wasu mata har sun fara cewa a fitar musu da takunkumi daga cikin atamfar da za su sa.

Aikin ƙyallen ba wani boyayyen abu ba ne. Cutar tana bin feshin da ke fita daga baki da hanci in mutum ya yi tari ko atishawa ko magana, kuma mai ɗauke da ita yana iya yaɗawa bai ma san yana da ita ba. Takunkumi yana rage wannan feshin, wato ya fi kare na kusa da kai a kan kai kanka. Likitocin tiyata a Turai sun fara sa shi tun wajen 1897 saboda wannan dalili, don kada su zuba wa wanda suke yi wa aiki ƙwayar cuta. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa sai ranar 5 ga Yuni, 2020 ta fito ta shawarci jama'a su sa na yadi a wuraren cunkoso.

Amma akwai wani amfanin da babu likitan da ya rubuta, wanda da yawanmu muka ɗanɗana muka yi shiru. Ni mutum ne mai jin nauyin jama'a. Wucewa ta gaban majalisa aiki ne a wurina. Da takunkumi sai na ji kamar an sauke min kaya, na ɗaga hannu na wuce, ba wanda zai ce na yi girman kai. Wata 'yar ajinmu da ƙuraje suka dama wa fuska ta ce ba ta taɓa sakewa a cikin adaidaita sahu kamar a shekarar ba. 'Yan mata da yawa sun ga ya rage musu kallo da tsokanar samarin bakin titi, ba tare da sun ɗauki nauyin da ke tattare da niƙabi ba. Magidancin da kulle ya karya, wanda bai taɓa tsayawa layin karɓar taimako ba, ya tsaya ya karɓa da sauran mutuncinsa. Kada kuma mu manta da mai bashi da ya wuce ta gaban kantin da ake binsa salin-alin. A garin da kowa ya san kowa, ƙyallen ya ba mutane ɗan wurin ɓuya.

Sai dai abin da ya ba mu da hannun dama ya karɓe da hagu. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, sun kuma ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. To ga shi an naɗe shimfiɗar. Na gaishe da wata gwaggona a bakin titin Court Road, ta amsa a daƙile ta wuce, washegari ta aiko gida wai na gan ta na yi kamar ban san ta ba. A zaman makoki, wanda dama an taƙaita shi, kana yi wa mutum ta'aziyya ba musabaha, ba ya ganin alhinin da ke fuskarka. Dattawa masu nauyin ji, da suka saba haɗa sauti da motsin leɓe, suka koma sai “na'am?” Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne wani kurma mai gyaran takalmi a unguwarmu. Maganar hannu ba hannu kaɗai ba ce, da fuska ake tambaya, da ita ake nuna wasa ko fushi. Sai ya riƙa yi wa mutane alama su sauke, wasu su ƙi saboda tsoro, a rabu ba a fahimci juna ba. Ƙara da zafin Afrilu da bakin azumi, da masu gilashi da tururi ke rufe wa ido, da fargabar cewa mai ƙwacen waya ma ya samu halattacciyar hanyar ɓoye kamanninsa.

An ɗage kulle a Kano a farkon Yulin 2020, tsoro ya fara sauka, takunkumi ma ya sauka daga hanci zuwa haɓa. Ya zama kamar tikitin shiga: a sa a ƙofar banki ko asibiti, a cire da an fito. Na sha ganin mutum biyu sun yi aron guda ɗaya a bakin ƙofa, abin da ya rushe hikimar gaba ɗaya. Da cutar ta sake tasowa, Shugaba Buhari ya sa hannu a wata doka ranar 26 ga Janairu, 2021, mai hukuncin tara ko ɗaurin da zai kai wata shida, kotunan tafi-da-gidanka kuma suka ci mutane tara a Kano. Doka ta iya sa mutum ya ajiye ƙyalle a aljihu, amma ba ta dawo da yardar da ba a gina ba tun farko. A ranar 5 ga Mayu, 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce korona ta daina zama matsalar gaggawa ta duniya. A lokacin tuni maza suka yar da nasu. Waɗanda suka riƙe shi har yau su ne waɗanda ya yi wa amfanin da ba na magani ba, mata da masu gudun ƙura.

A 1918 murar da ta zagaye duniya ta sauka Legas ta jirgin ruwa, ta biyo layin dogo ta iso Kano, ta kashe dubban mutane. Mafi yawan abin da muke karantawa a kanta yau daga rahotannin Turawan mulki yake, masu ƙirga gawa. Ranaku da alƙaluman korona ma suna nan a ajiye a ofisoshi, ba za su ɓata ba. Abin da zai ɓata shi ne fushin gwaggo, da buhun ƙyallen tela, da hannun kurman nan yana roƙon a nuna masa fuska. Wanda duk yake rubuta labarin da ya faɗo cikin 2020, ya tuna cewa jarumarsa ba za ta yi murmushi a gani ba, sai dai a ido. Ku tambayi iyayenku da telolin layinku tun suna tunawa, ku rubuta.

Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya kiyaye mu da sake ganin irinta.