Tashar Jirgin Ƙasa ta Rigasa

Tashar Rigasa tana yammacin birnin Kaduna, cikin ƙaramar hukumar Igabi. A nan layin dogo mai tsawon kilomita 186 da ya taso daga Idu a Abuja yake tiƙewa. Kamfanin CCECC na ƙasar Sin ne ya shimfiɗa shi, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shi a watan Yulin 2016.

Tashar na da ɗakin jira, wurin yankar tikiti da filin ajiye motoci, inda 'yan tasi da masu Keke Napep ke dakon fasinjoji. Ma'aikata da 'yan kasuwa sun dogara da ita ƙwarai. Bayan harin da aka kai wa wani jirgi a kan layin ranar 28 ga Maris 2022 an dakatar da zirga-zirga, aka ci gaba a Disamban shekarar.