Lang Lang: Daga Ɗakin Haya a Beijing Zuwa Manyan Dandalin Duniya

Wani fim ɗin yara ne, Tom and Jerry, ya fara jan hankalinsa. Yana ɗan shekara biyu ya ga kyanwa zaune gaban fiyano tana kaɗa wani kiɗa mai sauri na Franz Liszt, ɓera yana ta yi mata shisshigi. Daga nan Lang Lang, wanda aka haifa ranar 14 ga Yuni, 1982 a birnin Shenyang da ke arewa maso gabashin ƙasar Sin, ya kamu da son wannan kayan kiɗa mai madannai 88. Yana ƙarami aka kai shi wurin malama Zhu Yafen, yana shekara biyar ya ci gasar birninsu.

Ba a fahimtar labarinsa sai an san mahaifinsa. Lang Guoren gwanin erhu ne, wato gogen Sinawa mai tsirkiya biyu. Yana cikin waɗanda Juyin Al'adu na 1966 zuwa 1976 ya cinye ƙuruciyarsu, lokacin da kiɗan Turawa ya zama abin zargi a ƙasar. Ga kuma dokar haihuwar ɗa ɗaya da ake bi lokacin da aka haifi Lang Lang. Duk burin da uban bai cim ma ba, sai ya ɗora shi kan wannan yaro tilo. Da Lang Lang ya kai shekara tara, uban ya ajiye aikinsa na ɗan sanda, ya tafi da shi Beijing, suka kama ɗan ƙaramin ɗaki a unguwar talakawa. Uwar ta tsaya a Shenyang tana aikin wayar tarho, tana aiko musu da abin sawa a bakin salati.

A can ne abu ya kusa lalacewa. Malamar da ke shirya shi don jarrabawar shiga babbar makarantar kiɗa ta sallame shi, ta ce ba shi da baiwa. A littafin tarihin rayuwarsa da ya fito a 2008, Lang Lang ya ba da labarin yadda uban ya fita hayyacinsa, har ya ce masa gara ya mutu da ya koma gida da abin kunya. Yaron ya juya ya dinga naushin bango da hannuwansa, don ya lalata abin da ya jawo masa wannan azaba. Sai a lokacin uban ya dawo cikin hankalinsa, yana roƙonsa ya daina. Watanni suka wuce bai taɓa fiyano ba. An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma wannan saura ƙiris ya karye.

Da ya koma kan fiyano, abubuwa suka zo a jere. Ya shiga makarantar, ya ci gasar matasa a Ettlingen ta Jamus a 1994, ya ci ta Tchaikovsky ta matasa a Japan a 1995. A 1997 ya wuce Amurka, Cibiyar Kiɗa ta Curtis a Philadelphia, wurin Gary Graffman, malamin da ya raba shi da zazzaɓin shiga gasa, ya ce ya zauna ya koyi kiɗa.

Rabonsa ya rantse a watan Agustan 1999. Fitaccen makaɗi André Watts ya kamu da rashin lafiya gab da wani babban wasa a bikin Ravinia kusa da Chicago, aka nemi mai maye gurbinsa cikin gaggawa. Yaro ɗan shekara 17 ya hau dandali, ya kaɗa sashen farko na shahararren kiɗan Tchaikovsky tare da rukunin makaɗan Chicago, Christoph Eschenbach na jagoranta. Gari na wayewa sunansa ya bazu. A 2003 ya yi wasa shi kaɗai a zauren Carnegie na New York, ya kira mahaifinsa kan dandali da erhu ɗinsa suka kaɗa tare.

Daga nan sai hawa. UNICEF ta naɗa shi jakada a 2004. Ranar 8 ga Agusta, 2008 duniya ta kalle shi a bikin buɗe gasar Olamfik ta Beijing, a shekarar kuma ya kafa gidauniyar koyar da yara kiɗa. Ya yi wasa a fadar White House a 2011, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi muƙamin manzon zaman lafiya a 2013. Sai dai masu sharhi ba su ƙyale shi ba. Sun ce yana cika lanƙwasa jiki, da ɗaga ido sama, da dukan madannai, har wasu suka laƙaba masa "Bang Bang". Masoyansa kuwa cewa suke yi ya kawo mutanen da ba su taɓa taka zauren irin wannan kiɗa ba.

A juri zuwa rafi, wata rana tulu zai fashe. A 2017 jijiyar hannunsa na hagu ta kumbura, bayan ya matsa wa kansa wajen koyon kiɗan da Maurice Ravel ya tsara don hannun hagu kaɗai. A watan Oktoba na shekarar ya zauna a Carnegie yana kaɗawa da dama, ɗalibin gidauniyarsa Maxim Lando, mai shekara 14, na zaune kusa da shi yana yi masa aikin hagu. Sai a Yulin 2018 ya dawo sosai, kuma da kiɗan Mozart mai natsuwa ya dawo, ba da irin na nuna bajinta ba.

Hutun dolen nan ya sauya shi. Ya auri Gina Alice Redlinger, ita ma makaɗiyar fiyano, a 2019, suka sami ɗa namiji a farkon 2021. A 2020 ya fitar da Goldberg Variations na Bach, aikin da aka buga a 1741, mai amo ɗaya da ake juya shi salo 30. Ya fi shekara ashirin yana nazarinsa kafin ya yarda a naɗa, kuma ɗaya daga cikin naɗin an yi shi ne a cocin St. Thomas da ke Leipzig, inda kabarin Bach yake. A 2024 aka sanya masa tauraro a titin mashahuran Hollywood, a Disambar shekarar ya yi wasa a bikin sake buɗe cocin Notre-Dame a Paris.

Iyaye da yawa kan ɗauki labarin Lang Lang a matsayin hujjar takura wa yaro. Su tuna cewa dubban yara sun sha irin wannan horo ba wanda ya ji sunansu, kuma shi kansa tsananin uban ya kusa raba shi da hannuwansa yana shekara tara. Abin da ya tsare shi a gaban fiyano har yau shi ne son da ya fara tun yana kallon kyanwa da ɓera. Duk mai ɗa mai baiwa, ya kula da wannan son kafin ya ɗauki bulala.