Makullin Cocin Ƙudus Yana Hannun Wa?

Mai karatu, idan ka kalli fim ɗin Kingdom of Heaven na Ridley Scott, wanda ya fito a 2005, ka ga Salahuddin ya karɓi birnin Ƙudus a 1187. To, a Maroko da Sifen aka ɗauki fim ɗin. Ainihin wurin kuwa yana nan, kuma da ƙafa ake shigarsa, don yawancin lungunansa mota ba ta bi.

Tsohon birnin bai wuce murabba'in kilomita ɗaya ba, an raba shi unguwa huɗu: ta Musulmi, ta Kiristoci, ta Yahudawa da ta Armeniyawa. Ta Kiristoci tana arewa maso yamma. Za ka shiga ta Ƙofar Jaffa, wadda Larabawa ke kira Babul Khalil, a jikin ganuwar da Sarkin Daular Usmaniyya Sulaiman ya gina wajejen 1538. Ka gangara cikin kasuwa, ka karya hagu, ka ratsa shagunan masu kyandir da gicciyen itacen zaitun, sai ga ka a farfajiyar Cocin Kabari Mai Tsarki, inda Kiristoci suka yi imani nan aka gicciye Almasihu aka binne shi. Sarkin Rum Kustantin ne ya gina ta, aka buɗe a 335.

Kafin ka shiga, waiwaya kudu, za ka ga hasumiyar Masallacin Umar. Tarihi ya kawo cewa da Sayyidina Umar (RA) ya karɓi birnin wajen 637, babban limamin Kirista Safroniyus ya yi masa tayin yin salla cikin cocin. Ya ƙi, don kada na baya su ƙwace ta da hujjar ya yi salla a ciki. Ɗan Salahuddin, Al-Afdal, shi ya gina masallacin a 1193 don tunawa da wannan.

Ba kullum aka kwana lafiya ba fa. A 1009 Halifan Faɗimiyya Al-Hakim ya sa aka rushe cocin. A 1099 mayaƙan gicciye suka ci birnin suka yi kisan gilla. Ginin da kake gani yau yawancinsa nasu ne, na 1149.

Yanzu ɗaga kai. Ka ga wani ɗan tsanin katako ƙarƙashin taga? Ya haura shekara 150 a wurin. Ɗariku shida ke rabon cocin: Girkawa, Katolika, Armeniyawa, Kibɗawan Masar, Habashawa da Suryaniyawa. Dokar Usmaniyya ta 1757, da aka jaddada a 1852, ta hana kowa taɓa komai sai da yardar saura.

Makulli fa? Yana hannun Musulmi. Gidan Juda ke ajiye shi, gidan Nusaiba ke buɗe ƙofa da asuba su rufe da dare, gado ne kaka da kakanni. Tunda ɗarikun ba su yarda da juna ba, sai amanar ta zauna wurin maƙwabci.

Abin damuwa shi ne masu unguwar suna ta ƙaura. Kiristoci yau ba su wuce kashi 2 cikin 100 na mutanen Ƙudus ba, mamayar Isra'ila tun 1967 da tsadar rayuwa na kora matasansu waje. Idan suka ƙare, gini zai saura, maziyarta za su ci gaba da ɗaukar hoto, amma maƙwabtakar da ta riƙe makullin nan ɗaruruwan shekaru ta tafi ke nan.