Kuran Daga: sunan da ya zama bashi

A Falanko, kamar sauran garuruwan Damargu, idan maroƙi ya ɗaga murya ranar biki ya jero sunan mutum da na ubansa da na kakansa, ko talakan da bai sayar da geronsa ba tukuna sai ya sa hannu a aljihu. Ba wauta ce ke sa shi ba. A ƙasar da asalin yawancin mutane ba a takarda yake ba, bakin maroƙi ne kundin da ake adana shi, kuma a bainar jama'a ake karanta shi. Wanda aka ambata ya san an ƙidaya shi cikin mutane, wanda aka tsallake ma ya san matsayinsa. Baturen nan M. G. Smith ya lura da haka a ƙasar Zazzau, ya rubuta a 1957 cewa roƙo yana tabbatar da darajar kowa. Bayan yabo kuwa zambo na nan yana jiran marowaci, don haka a cikin kyautar akwai daɗi, akwai kuma tsoro.

A fada lamarin ya fi haka nauyi, domin can kirari yakan rikiɗe ya zama suna. Kudu da Damargu, a birnin Damagaram inda ayarin Abzinawa ke sauka kafin ya wuce Kano, Sarki Ahmadu ya hau gadon mulki a 1893. Ɗa ne ga Tanimun, wanda ya kewaye birnin da ganuwa, ya sa aka ƙera manyan bindigogi. Wanda ya gaji irin wannan uba, yabon da ake yi masa ma aune ne: kullum ana gwada shi da mamaci. Aka laƙaba masa Kuran Daga, wato kura a fagen fama. Ya kuwa kai yaƙi ƙasar Kano zamanin Sarki Alu, wanda shi ma da kirarinsa na Mai Sango aka san shi, aka gwabza a Gezawa da Tattarawa.

A watan Mayu 1898 aka kashe kyaftin Cazemajou na Faransa a Damagaram. Akwai dalilan siyasa, babbansu tsoron kada baƙon ya haɗa kai da Rabe a Barno, kuma zalunci ne a ɗora komai a kan makaɗa. Sai dai sarkin da ke farkawa da tambari yana kwanciya da algaita, ana shaida masa babu na biyunsa, kunnensa yakan yi nauyi ga mai kawo labarin ƙarfin abokin gaba. Bafade kuwa, da me zai ci abinci in ya zama mai ɓata wa sarki rai? Kura ba ta neman sulhu, kuma wanda ya amsa sunan ya ɗauki bashin da takobi kaɗai ke biya.

A ƙarshen Yuli 1899 sojojin Faransa suka karya rundunarsa a Tirmini, a watan Satumba aka kashe shi a Rumji. Faransawa suka naɗa ɗan'uwansa Ahmadu Ɗan Bassa, suka tuɓe shi a 1906. Mulkin ya tafi, kirarin ya zauna: shi ne sunan da aka raɗa wa makarantar lise ta Zinder, inda ƴaƴan Damargu da yawa suka yi karatu.