Sarpagandha: Saiwar da Ta Fito daga Ayurbeda Ta Shiga Asibiti

A dazuzzukan Indiya akwai wani ɗan tsiro da masana Ayurbeda ke kira sarpagandha. Masana kimiyya kuwa sun laƙaba masa Rauwolfia serpentina, don tunawa da Leonhard Rauwolf, likitan Jamus na ƙarni na 16. Tun kaka da kakanni ake ba da saiwarsa ga wanda maciji ya sara, da mai rashin barci, da mai taɓin hankali.

A shekarar 1931 likitoci biyu na birnin Kalkata, Gananath Sen da Kartick Chandra Bose, suka wallafa cewa saiwar tana saukar da hawan jini, tana kuma kwantar da mai haukan duka. A wannan shekarar ce Salimuzzaman Siddiqui ya tace wani sinadari daga cikinta a Delhi, ya raɗa masa suna ajmalin don girmama Hakim Ajmal Khan. Amma Turai ta yi kunnen uwar shegu, sai da Rustom Jal Vakil na Bombai ya buga sakamakon gwajinsa a British Heart Journal a 1949. Abin da ya sauya shi ne mujallar da ta ɗauki labarin, saiwar kam tana nan yadda take.

A 1952 masana kamfanin Ciba da ke Basel suka keɓe sinadarin rizafin. Shi ne ke hana jijiyoyi adana saƙonninsu, wato noradiranalin da dofamin da sirotonin, har rumbunsu ya ƙare. Ta haka magudanan jini ke saki, bugun zuciya ya lafa. Ta wannan hanyar kuma illarsa ke ɓullowa: toshewar hanci, da kasala, da karkarwa irin ta cutar Parkinson, wasu ma har baƙin ciki mai tsanani. Wannan ne ya sa tauraronsa ya dusashe da aka sami wasu magungunan.

Illar kanta ta zama abin nazari. A 1957 Arvid Carlsson na Suwidin ya nuna cewa L-dopa na farfaɗo da dabbobin da rizafin ya sandarar, binciken da ya kai shi ga lambar Nobel a 2000.

Da saiwar Indiya ta yi ƙaranci, kamfanoni sun koma ga ƴar'uwarta ta Afirka, Rauwolfia vomitoria, wadda masu maganin gargajiya na ƙasar Yarabawa suka daɗe suna bai wa masu taɓin hankali.