Maganin Da Ya Fito Daga Rini: Tarihin Largactil

Yau zan ba ku tarihin wata ƙwaya da muke ba masu taɓin hankali, sunanta kulofuromazin, amma an fi saninta da Largactil.

Duk wanda ya taɓa aiki a masaƙun Bompai, ko majemun Challawa da Sharada a Kano, ya san rinin Turawa, wanda ba da baba ake yinsa ba kamar na karofin Ƙofar Mata. To, asalin maganin nan daga irin wannan rini yake. A 1876 wani Bajamushe, Heinrich Caro, ya haɗa wani shuɗin rini. Masana suka yi ta jujjuya sinadarinsa, har a Disamba 1950 Paul Charpentier, na kamfanin Rhône-Poulenc a Faransa, ya fitar da kulofuromazin. Da farko wani likitan fiɗa, Henri Laborit, ya lura cewa wanda aka ba maganin yakan natsu ba tare da ya suma ba. A 1952 likitoci biyu, Jean Delay da Pierre Deniker, suka gwada shi kan masu taɓin hankali a asibitin Sainte-Anne na birnin Paris. Mutanen da dā sai an ɗaure su, suka zauna, suka yi magana, waɗansu har suka koma gida.

A ƙasarmu kuwa, a 1954 Likita Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta. Ya saukar da majiyyata a ƙauyuka tare da danginsu, da rana su zo asibiti, da dare su kwana cikin mutane. Watau ya nuna ba lalle ne a kulle mutum ba kafin ya sami sauƙi.

Yaya maganin ke aiki? A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari, dofamin, mai kai saƙo daga jijiya zuwa jijiya. A ciwon da likitoci ke kira sikizofireniya saƙon yakan yi yawa a wani sashe, sai mutum ya riƙa jin muryoyin da babu su, ko ya zargi kowa da nufinsa da sharri. Maganin yana toshe ƙofofin da dofamin ke shiga. Wani masani na ƙasar Suwidin, Arvid Carlsson, shi ya fara gano alamar haka a 1963.

Barci da natsuwa sukan zo tun kwanakin farko, amma muryoyin ba su raguwa sai bayan makonni. Saboda haka kada ka ce magani bai yi ba bayan kwana uku. Kada kuma ka bari ɗan'uwanka ya daina sha don ya ji sauƙi, domin ciwon yakan dawo, sau da yawa da ƙarfi.

Amma ka sani yana da illa. Dofamin ɗin nan shi ke kuma daidaita motsin jiki, don haka wani yakan sami rawar hannu, ko sanƙarewar wuya, ko tafiya a hankali. Akwai bushewar baki, da jiri in an tashi tsaye farat ɗaya, da ƙunar fata in an daɗe a rana. Mai aikin inji a masana'anta, ko direba, ya gaya wa likita irin aikinsa, don a duba yawan maganin da lokacin shansa. Kada a haɗa shi da giya. Ƙwayar benzhexol da akan ba da domin rawar jiki, a ɓoye ta daga samari, gama waɗansu suna shanta don maye. In idanu suka yi ɗorawa kamar shawara, ko zazzaɓi mai zafi ya zo tare da sanƙarewar jiki, a garzaya asibiti nan da nan.

Yanzu akwai sababbin magunguna, likita ne zai zaɓi wanda ya dace. Abin da ke kanka shi ne, kada ka sa ɗan'uwanka a mari ko turu. Ka kawo shi disfensare, mu rubuta muku takarda zuwa asibitin Dawanau. Allah ya ba mu lafiya, amin.